Jigo Na Huɗu

Wata huɗu Auta ta yi tana bin gidaje da shaguna da 'yar rakoda a jaka, tana yi wa mutane tambaya guda: me ya sa suke yanke zuwa karɓar maganin hawan jini a asibitin unguwa, alhali kyauta ake bayarwa? Mutum ashirin da takwas ta zauna da su. Wani a kan benci, wata a bakin murhu, wani a cikin mota yana jiran fasinja. Da ta gama, ta ƙara wata biyu tana sauraren muryoyinsu tana rubuta kowace kalma, har da tari, har da wurin da mutum ya yi shiru. Shafi ɗari huɗu da 'yan kai suka fito.

Hukumar lafiya ce ta ba cibiyar bincike ta jami'a da take wa aiki wannan aikin, kuma abin da rahoton ya nuna, shi hukumar za ta gyara. Abin da bai shiga rahoto ba kuwa, kamar ba a taɓa faɗarsa ba ne. Auta ta san haka sarai.

A irin wannan bincike ba lissafi ake bugawa ba. Karantawa ake yi, a sake karantawa. Duk inda mutum ya faɗi magana mai nauyi sai a ja mata layi a ba ta ɗan laƙabi. Laƙuban da suka yi kama da juna a tara su wuri guda. Idan tarin ya yi girma, ya kuma tsaya da ƙafarsa, shi ake kira jigo. Abokan aikinta a kwamfuta suke yin wannan. Ita kuwa sai ta ga abu shimfiɗe a gabanta take gane kansa, don haka ta sayo kwali ta yayyanka, ta kwafe kowace magana a kan kati guda, ta baza su a tsakar falon gidan da suke zaune ita da mahaifiyarta.

Inna ta tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu tana neman wurin sa ƙafa.

"Ke Auta, duba kika koma yi ba mu da labari? In haka ne duba min ko yayanki zai kira ni makon nan."

"Aiki ne, Inna. Don Allah kar ki kunna fanka."

"Ka ji min 'ya. A gidan mijina an hana ni iska saboda kwali."

Ta zagaya ta bayan kujera ta zauna tana fifita da murfin kwano.

Tari uku suka haɗu ba wahala. Na farko nisa da tsawon layi. Na biyu, mutum ya ji sauƙi sai ya ɗauka ya warke. Na uku rashin sanin cewa ciwon nan zama ya zo yi, magani kawai ke riƙe shi. Duk wanda ya taɓa karanta irin wannan rahoto ya san su ukun.

Amma akwai katunan da ba ta san inda za ta sa su ba, sai ta riƙa jefa su gefen ƙafar kujera da niyyar ta dawo kansu. A rana ta shida ta waiwaya ta ga tarin gefen kujera ya fi kowanne tudu. Ta ja su ta jera. "Ya daka min tsawa kamar ni ya haifa." "Ya ɗaga katina ya ce wa mutane ku ga wannan, wata biyu ba ta zo ba, ta gaji da duniya." "Gara ciwon kai da tsayuwa a tagar nan." Dukansu maganar wuri guda suke yi, tagar da ake miƙa kati a karɓi magani, da mutumin da ke zaune a bayanta. Ta ƙirga lambobin da ke kusurwar katunan. Mutum ashirin da ɗaya cikin ashirin da takwas.

Ta koma kan rubutattun hirarrakin, sai ta lura da wani abu kuma. Ba wanda ya faɗi wannan a matsayin amsar tambayarta. Kowa sai can ƙarshe, ta yi godiya tana shirin kashe rakoda, sannan ya rage murya ya ce, "Af, akwai kuma wani abu."

Inna ta miƙa hannu ta ɗauki kati guda, ta sa tabarau, ta karanta a hankali tana motsa leɓe. Na mai amsa na goma sha huɗu ne. Ta ajiye shi a cinya.

"Wannan bawan Allah ai ba nisa ya hana shi zuwa ba. Mutum ya kore shi."

Mai amsa na goma sha huɗu wani tsohon tela ne da kowa ke kira Baba Tela, mai ɗan shago a bayan tashar mota, gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa sosai. Awa biyu Auta ta yi a shagonsa yana ba ta labarin nisa da layi, ƙafarsa na kan keken ɗinki. Sai da ta miƙe ya ce ta dawo ta zauna. Ya ce ranar nan ya miƙa katinsa, mai ba da magani ya ce ya makara da kwana tara, ya wurgo masa katin ta taga ya faɗi ƙasa. Ya sunkuya zai ɗauka gwiwa ta ƙi, ya dafa bango, hularsa ta faɗi ta gangara har ƙarƙashin benci. Layi ya kwashe da dariya. Wata mata ce ta ɗauko masa. Da ya gama ba da labarin ya daɗe yana kallon allurar kekensa, sannan ya ce, "'Yata, ba wanda zai san ni ne ko?" Ta ce ko kusa. Sunansa ba zai fito ba, lamba kawai.

A ofis, dokar Farfesa, shugaban cibiyar, ita ce jigo ba ya shiga rahoto sai ya wuce ƙofa biyu. Ta farko, wani abokin aiki ya karanta hirarrakin shi kaɗai, ba tare da ya ga abin da na farko ya fitar ba, a ga ko za su zo wuri guda. Ta biyu, a koma wurin mutanen da aka yi hira da su, a karanta musu jigogin, su ce nasu ne ko ba nasu ba.

Ƙofar farko Dogo ne, abokin teburinta, mutumin da ba ya zama ba tare da ya miƙe ƙafafunsa sun tare hanya ba. Mako biyu ya yi da hirarrakin. Ranar da suka haɗa sakamako ya turo mata takardarsa yana murmushi.

"Uwar kwali, ga nawa. Huɗu na samu. Na huɗun na so in yi kamar ban gani ba, ya ƙi ɓoyuwa."

"Me ka kira shi?"

"Halin mai taga. Ke fa?"

"Wulaƙanci a wurin karɓa."

"To, ke kin fi ni rashin tsoro. Ki shiga wurin Oga da shi, ni ina bayanki. Can baya sosai."

Farfesa ba mugun mutum ba ne. Dattijo ne mai tsari, biro uku a aljihu, ba ya ɗaga murya. Sai dai tun ranar da ya rubuta neman aikin ya riga ya ga jigo na uku a zuciyarsa, kuma shi ya bi ofis-ofis har asibitin ya yarda aka ba su sunayen marasa lafiya. Ya karanta shafin jigo na huɗu sau biyu, ya cire tabarau ya murza ido.

"Malama, wannan magana ce mai nauyi. Mutum guda ake nunawa da yatsa, kuma mutanen da suka buɗe mana ƙofa ne."

"Ranka ya daɗe, ashirin da ɗaya ne suka faɗa."

"Na gani. Ban ce ki cire ba. Ki kai musu. Idan suka ce nasu ne, ni da kaina zan sa hannu, kowa ya ji haushi."

Ta so a yi taron karanta musu jigogin a wani aji na makarantar firamare, amma makarantar ta ce sai an rubuto takarda an jira mako uku. Farfesa ya ce asibitin na da zaure, kujeru na nan, kuma kowa ya san hanya. Wurin bai kwanta mata ba, amma lokaci ya ƙure, ta ce to.

Ta zauna ta shirya manyan takardu huɗu, kowane jigo da tasa, ƙarƙashin kowanne ta sa maganar mutum guda don misali, kamar yadda aka koya mata. Da ta zo na huɗu ta jujjuya katunan. Duk cikinsu babu wanda ke tsaya wa mutum a maƙogwaro kamar na Baba Tela. Ta cire suna. Ta cire shekaru, ta cire sana'a, ta cire unguwa. Ta karanta abin da ya rage, ta ga ko ɗansa ba zai gane shi a takarda ba. Ta nuna wa Dogo, ya bi jerin abubuwan da doka ta ce a cire, ya ce ba saura.

Ranar Asabar da hantsi mutum goma sha tara suka zo. Zauren na warin maganin wanke ƙasa. Kujerun roba ne farare, a bango akwai hoton zuciya da jijiyoyinta ja da shuɗi. In ka waiwaya ta ƙofa kana hango tagar a ƙarshen baranda, an sauke mata ƙyaure. Baba Tela ya zo da sandarsa da riga mai guga, ya zauna a layi na uku, ya ɗaga wa Auta hannu.

Tana shirin farawa sai ga babbar nas ta asibitin, wadda kowa ke kira Sista, ta shigo da fararen kaya da makullai a hannu.

"Farfesa, barka da zuwa. Minti biyu kawai, in yi wa iyayenmu maraba in wuce."

Ta yi maraba. Ta ce asibitin nasu ne, ƙofarta a buɗe take dare da rana. Aka tafa. Sai ta ja kujera kusa da Farfesa ta zauna, ta buɗe robar ruwa. Auta ta dubi Farfesa. Farfesa yana duba takardunsa. Kalma ɗaya ce ya kamata Auta ta faɗa, ta ce Sista a yi haƙuri, taron na masu amsa ne kaɗai. Ta ji kalmar a bakinta, ta dubi makullan zauren da ke cinyar matar, ta haɗiye.

Jigo na farko ya wuce da hayaniya. Kowa na da labarin layi. Na biyu ma haka, har wani direba ya ce shi da zarar kansa ya daina sarawa sai ya ga kamar an yi masa sabon inji, aka yi dariya. Da aka zo na uku, wata mai wanki da ke zaune a gaba ta ɗaga hannu.

"Wallahi Malama gaskiya ne. Jahilci ne ke damunmu."

Sista ta juya ta dubi Farfesa. "Ka ji da bakinsu. Kullum abin da nake faɗa ke nan."

Auta ta buɗe takarda ta huɗu. Ta karanta sunan jigon, zauren ya yi tsit. Ta yi bayani a taƙaice, cewa mutane da yawa sun ce yadda ake karɓarsu a wurin ba da magani yana sa su ji nauyin dawowa. Sannan ta karanta misalin. An wurgo kati. Gwiwa ta ƙi. An dafa bango. Ba ta kai ga hular ba ta ji ƙarar kujeru.

Ta ɗago. Rabin zauren ya waiwaya layi na uku.

A nan ne, tana tsaye da takarda a hannu, ta gane abin da ita da Dogo da jerin dokokinsu ba su gani ba. Abin ba a ɗaki ya faru ba. A layin Laraba ya faru, ranar karɓar magani, kuma mutanen da ke zaune a gabanta su ne layin Laraba. Wasu a cikinsu su ne suka yi dariyar. Direban ya fara wata 'yar dariya ya mayar da ita tari.

Sista ta bi idon mutane har ta sauka a kansa.

"Ayya, Baba Tela, ashe kai ne? Haba Baba. Ai da ka zo ofis ka same ni, ba sai ka kai mu jami'a ba."

Tsohon ya dafa sanda ya miƙe. Sai da ya ɗauki lokaci kafin ya tsaya daidai. Bai dubi Auta ba.

"Ni ban ce haka ba. Katina ne ya suɓuce daga hannuna. Mutumin nan bai yi min komai ba."

"To ka ji," in ji Sista.

"Tsufa ne. Hannu ba ya riƙe abu." Ya koma ya zauna, ya sa sandar tsakanin ƙafafunsa, ya kafa mata ido.

Aiki sai an ƙarasa shi. Auta ta tambaya, da muryar da ita ma ba ta gane ba, ko akwai wanda yake ganin wannan jigo ya dace da abin da ya gani. Ba hannun da ya tashi. Ta dubi mai wanki. Matar nan ce ta yi kuka a hirarta har Auta ta kashe rakoda ta jira ta. Mai wanki ta gyara mayafi.

"Mu dai ana kyautata mana, Malama. Ba mu da abin cewa sai godiya."

Aka raba 'yan takardun da kowa zai yi alama. Uku na farko, e goma sha tara. Na huɗu, a'a goma sha tara. Kafin Auta ta gama tattarawa Baba Tela ya fita, ko ruwan da aka ajiye masa bai taɓa ba.

Ranar Litinin ta shiga ofishin Farfesa da rakodar a hannu.

"Ranka ya daɗe, muryoyinsu na nan. Ka saurara da kanka."

"Na yarda da ke, Malama. Ba na zargin kin ƙirƙira. Amma gaya min abin da za mu rubuta. Mun tambaye su, sun ce a'a, sai muka ga mun fi su sanin abin da ke bakinsu?"

"Sista na zaune. Wa zai yi magana?"

"In zamanta ya ɓata na huɗu, ya ɓata ukun farko ma. Sai mu zubar da taron gaba ɗaya, kuma ranar Juma'a ake karɓar rahoto."

"Da an ce ta fita…"

"Da an ce." Ya gyara biron da ke gabansa ya daidaita shi da gefen takarda. "Ni ma ban ce ba, na ɗauki laifin wannan. Amma labarin tsohon nan, ni na zaɓe shi? Ni na karanta shi a gaban mutanen da suka ga abin da idonsu?"

Sannan ya sassauta.

"Ga abin da zan iya. Ki bi su ɗaya-ɗaya, inda ba kowa. In kika kawo min mutum biyar da suka sa hannu cewa jigon nasu ne, zan sa shi, in rubuta abin da ya faru a zaure. Biyar cikin ashirin da ɗaya. Ban tsananta ba."

Bai tsananta ba. Ta fita tana ganin abu ne na yini guda.

Direban bai ɗauki waya ba, sau shida. Wata ta ce ta yi tafiya, alhali Auta na jin ƙarar injin niƙan da ke ƙofar gidanta ta cikin wayar. Wani malamin makaranta mai ritaya ya karɓe ta da fara'a, ya ba ta shayi, ya ce shi fa a iya tunawarsa maganar layi kawai ya yi. Mai wanki ta same ta a bayan gida hannu cikin kumfa. Ba ta daina cuɗa ba.

"Gwaggo, ba wanda zai gani. Ni da Farfesa kaɗai."

"Haka kika ce wa Baba Tela?"

Matar ta matse wata riga ta jefa a bokiti.

"'Yar nan, ke kin gama aikinki za ki koma ofis mai sanyi. Ni jikata can ake yi mata allura. Surukata wata bakwai gare ta, can za ta haihu. Ki matsa kar ruwa ya taɓa miki takalmi."

Zuwa yammacin Laraba hannu ɗaya ta samu, na wani tsoho da ɗansa zai ɗauke shi zuwa wani gari ƙarshen wata. Ya sa hannun yana cewa shi yanzu ko su zo su kama shi.

Ta dawo gida ta tarar Inna ta kunna fanka, tunda an kwashe kwalayen. Ta zauna a ƙasa ta ba ta labarin duka. Inna ba ta katse ta ba, abin da ba ta saba ba.

"Tsohon fa? Kin je?"

"Ban iya ba."

"Shi ya kamata ki fara zuwa. Kuma ba neman sa hannu za ki je ba, haƙuri za ki ba shi. Sa'an ubanki ne, kin tsiraita shi a gaban mutane. Ki bar takardar nan a gida."

"To, Inna."

Da safe ta ɗauki jaka. Ta ciro takardar ta ajiye a kan tebur, ta kai bakin ƙofa, ta dawo ta mayar da ita ciki. Ta ce a ranta, in shi ya sa hannu, sauran za su bi.

Shagon Baba Tela ɗan ƙarami ne, mutum biyu sun cika shi. Yadudduka a rataye, alli da almakashi a kan tebur, guntayen ƙyalle a ƙasa. Yana ɗinkin wuyan wata riga. Ta yi sallama ya amsa, ta durƙusa ta gaishe shi ya amsa, bai ce ta zauna ba, bai kuma ce ta tafi ba. Ta zauna a bakin bencin da ta zauna a kai wancan karon.

"Baba, haƙuri na zo ba ku. Na yi muku alkawari ban cika ba. Na ɗauka in na cire suna…"

"Kin cire suna." Ya juya rigar. "Hular kika manta ba ki cire ba."

Keke ya yi ta tafiya. Sai da ya kai ƙarshen layin ya yanke zare da haƙori.

"Kin san bayan hirarmu na koma? Na ce tunda har an aiko mutum ya zauna ya ji ta bakina, wataƙila abin zai gyaru. Wata biyar ban yi fashi ba. In je da sassafe, in miƙa kati, in kau da kai."

"Ban sani ba, Baba."

"Jiya Laraba na je. Yana hango ni ya taso daga bayan taga, ya fito waje da kansa. Ya ɗauko kujera ya kakkaɓe da hankicinsa. Ya ce jama'a ku matsa, mai rahoto ya iso, kar a sake a bar shi tsaye. Ya kawo min magani da hannu biyu, yana rusunawa har ƙasa. Ya ce ranka ya daɗe a duba, in akwai kuskure a gaya wa jami'a." Ya ɗan yi murmushin da bai kai ido ba. "Ba zagi ko ɗaya. In kin tambaye ni me ya yi min, me zan ce? Ya ba ni kujera?"

"Maganin fa?"

"Yana kan kujerar."

Ta ji hannunta ya kai kan jakar, kan takardar. Ya ga hannun. Ya daɗe a duniya, ya san zuwan haƙuri, ya san zuwan da ke da wani abu a jaka.

"Fito da ita mana. Mai wanki ta gaya min kina yawo da takarda."

Kunya ta rufe ta. Amma ta riga ta zo, sai ta faɗa. Ta ce in jigon bai shiga rahoto ba, hukuma za ta karanta cewa jahilci ne ya hana su zuwa, ba abin da zai taɓa tagar nan. Ta ce mutum biyar ake nema, gobe ne ƙarshe. Ta ce maganarsa ce ta fi ta kowa ƙarfi.

"Ta fi ƙarfi," ya maimaita. "Shi ya sa kika ɗauke ta."

Ya share hannunsa a ƙyalle, ya nuna jakar da haɓa.

"Abin naɗin muryar nan na ciki?"

"Yana ciki."

"Kunna min. Ban taɓa jin kaina ba."

Ta nemo ta goma sha huɗu, ta tura ta can kusa da ƙarshe, ta ɗora a kan teburin keke. Muryarsa ta fito, ƙasa-ƙasa, da ƙarar tasha a bayanta. Ya sunkuyar da kai yana saurare kamar ana ba shi labarin wani. Ya ji kati ya faɗi. Ya ji an dafa bango. Inda muryar ta tsaya ta yi rawa, ya rufe ido. Har aka zo inda ya ce 'yata ba wanda zai san ni ne ko, aka ji muryarta, wasai, tana cewa ko kusa. Ta kai hannu ta kashe.

"Haka aka yi," ya ce. "Ko kalma ɗaya ban ƙara ba. A zaure ne na yi ƙarya, da furfurata."

Ta ciro takardar da biro.

"To Baba, in kun sa hannu a nan…"

"Ranar da kika zo kin karanta min wata takarda. Kin ce duk ranar da na fasa, za a cire maganata, ba wanda zai tambaye ni dalili. Ko ita ma irin wancan alkawarin ce?"

"A'a. Haka ne. Haƙƙinku ne."

"To na fasa. Goge."

"Baba…"

"A gabana, 'yata. Da wadda kika rubuta, da kwalin, duk. Wannan dai ki cika."

Ta riƙe rakodar. Injin ya tambaye ta ko ta tabbata. Ta danna. Ta juya masa fuskar ya gani, daga goma sha uku sai goma sha biyar. Ya gyaɗa kai. Ta ce sauran za ta goge su yau in ta koma ofis, Dogo zai shaida. Ya ce ya ji.

Ya jawo rigar ya sa ƙarƙashin allura, ya lalubi zaren da yatsa ya kasa zura shi. Ya sake gwadawa ya kasa. Ta matso za ta taimaka.

"Bar shi," ya ce. "Ki gaida mutanen gida."

Ta mayar da takardar cikin jaka da sa hannu ɗaya a kanta, ta fita cikin hayaniyar tasha. Ƙarfe sha ɗaya ta wuce, kuma Farfesa na jiran babin sakamako kafin la'asar, mai jigo uku.